Mu haɗa ɗaki ɗaya da abokina da matarsa a jirgin ruwa, ko kowa ya kama nasa?

Baban_Ummi

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa shiga irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, musamman masu iyali. Ni a Ingila nake aiki a asibiti shekara huɗu kenan, kuma tunda madam ta biyo ni ba mu taɓa fita ko'ina mu biyu ba, kullum daga aiki sai gida sai kai yara makaranta, in an samu hutu kuma Kano ake tafiya a yi ta zagayen gaisuwa a dawo a gajiye. To bana surukata za ta zo ta yi mana wata biyu, ga mai riƙe yara an samu, sai na ce bari dai a yi amfani da damar nan.

Ina da amini tun sakandare muke tare, shi ma yana ƙasar nan amma a wani gari, matarsa da tawa suna shiri ba laifi, ana waya ana haɗuwa lokacin sallah. Shi ne ya kawo maganar jirgin da yake tashi daga Southampton ya je Norwe a watan Yuni, kwana bakwai, a tsaya Stavanger da Bergen da wasu ƙananan garuruwa na cikin duwatsun nan da ruwa ya ratsa. Ejen, wato dillalin tafiye-tafiye, ya ba mu lissafi kashi biyu. Ko kowa ya kama ɗakinsa mai baranda, ko kuma mu huɗu mu haɗu a babban ɗakin da suke ce ma suwit. A hoto dai ɗakin ya haɗu wlh, ga gado babba, ga ɗan falo da doguwar kujera wadda ake buɗewa da dare ta zama gado, akwai labule tsakani, baranda mai faɗi, banɗaki ɗaya amma babba ne har da baho. Kuma da yake mutum na uku da na huɗu a ɗaki ragi ake yi musu sosai, in muka haɗa kuɗin muka raba biyu kowane gida zai samu rarar kusan fam 500, ga shi masu suwit ba sa bin dogon layi wajen shiga jirgi.

Abokina ya ce ai barci kawai ake a ɗakin, duk wuni ana waje. Ni kuma zuciyata ta kasa kwanciya amma na kasa faɗin dalili, kuma ina jin nauyin ce masa a'a kar ya ga kamar ina gudunsa ne. Ban gaya ma madam zancen haɗa ɗakin ba tukuna, na so in gama tsarawa in ba ta mamaki. Wanda ya taɓa yin haka ya abin yake? Sati mai zuwa za a biya kafin alƙalami.

Maman Hanif

Wa alaikumus salam. Malam kafin ka biya ko sisi ka je ka tambayi matarka, wannan ba abin ba da mamaki ba ne, ita ce za ta ɗauki nauyin abin ba kai ba. Ni na yi, kuma ba ma da bare ba, da ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya da mijinta, daga Barcelona muka tashi muka zaga Marseille da Genoa har Malta, kwana bakwai kamar naku. Bari in gaya maka yadda abin yake daga ɓangaren mace tunda ku maza ba ta nan kuke kallo ba.

Mijin ƙanwata mutumin kirki ne ba ni da abin cewa a kansa, amma ba muharramina ba ne, haka ita ma maigidana ba muharraminta ba ne. Ma'ana kwana bakwai ban cire ɗankwali a ɗakin da na biya kuɗi ba. Da doguwar riga nake kwana da hijabi a gefen filo, in fitsari ya kama ni cikin dare sai na lalubi hijabin nan a duhu na zura sannan in wuce ta gaban gadonsu, saboda banɗakin yana wajen ƙofar shigowa ne kuma su ne a ɓangaren. Kayan barcin da na saya musamman don tafiyar yadda na ninke su haka na dawo da su gida. Labulen nan da kake gani a hoto labule ne kawai fa, ido yake karewa ba kunne ba, tari, juyi, munshari, ƙarar cajin waya, komai ana ji. Ko hira da mijinki sai da raɗa kamar marasa gaskiya, daga baya ma sai muka daina, kowa ya juya ya yi shiru.

Sai banɗaki. Masan jirgi ba irin na gida ba ne, da iska yake zuƙa, in ka danna wata irin ƙara yake yi fuuu da ƙarfi wadda sai duk ɗakin an san ka shiga an san ka gama. Ni dai kunya ta sa na koma sauka bene biyu zuwa banɗakin jama'a na kusa da wajen cin abinci da butata a cikin leda, sati guda cur. Da asuba kuma mutum huɗu kowa zai yi alwala, wanda ya shiga ƙarshe ƙasa ta jiƙe sharkaf tawul duk sun jiƙe, wurin shimfiɗa sallaya ɗaya ne tak tsakanin gado da ƙofar baranda, in an buɗe kujerar nan ma babu shi sai an naɗe. Mazan sukan fita su nemi wani lungu su yi tasu, mu kuma mu jira.

Abin da ya fi tsaya min a rai dare na huɗu ne. Ruwa ya ɗan yi ƙarfi jirgi yana tangaɗi, jiri ya kama ƙanwata ta fara amai, tana durƙushe a banɗaki kanta ba ɗankwali rigarta duk ta ɓaci, maigidana ya rasa inda zai sa kansa sai ya ɗauki jaket ya fita ya zauna a wajen shan shayi tun ƙarfe biyu har aka yi asuba. Da safe ita tana ba shi haƙuri shi yana ba ta haƙuri, babu wanda ya yi laifi amma kowa a takure. Ku kuma tekun da za ku ratsa zuwa Norwe an san shi da tangaɗi fiye da inda muka bi, rana guda za ku yi a ruwa a tafiya, rana guda a dawowa.

Kuma kar ka yarda da zancen barci kawai ake a ɗaki. Ana dawowa daga yawon gari ƙafa ta yi tsami, abin da kake so ka watsa ruwa ka miƙe a gado da singileti, ita ma ta sha iska. Ku huɗu wa zai miƙe? Ni da ƙanwata ba mu yi faɗa ba alhamdulillah, amma bayan mun dawo sai da muka yi kusan wata kowa na ɗan ja baya, ba don komai ba sai don an ga juna da yawa. Mu da muka tashi ɗaki ɗaya kenan. Ina ga matarka da matar abokinka da sai sallah sallah suke haɗuwa.

Dan Jidda

Hajiya ta gama magana ta ɓangaren zama, ni bari in taɓo kuɗi don nan ne abota take lalacewa.

Na farko ka sake duba lissafin nan da kyau. Ejen ya kwatanta maka suwit da ɗaki mai baranda guda biyu ne shi ya sa ka ga rara. Ka ce ya ba ka farashin ɗaki mai taga kawai, ko na ciki wanda ba taga, guda biyu. Sau da yawa za ka ga ya yi daidai da rabon suwit ɗin ko ma ƙasa. Ɗakin ƙarami ne gaskiya, amma naka ne da ƙofarka da banɗakinka, kuma duwatsun da za ku je gani daga saman jirgi an fi ganinsu, kowa ma can yake hawa da sassafe in za a shiga tsakanin duwatsun. Wani amfanin ɗakin ciki ma, a watan Yuni a Bergen rana ba ta faɗuwa sai wajen 11 na dare kuma kafin biyar na asuba ta fito, ɗakin da ba taga ya fi daɗin barci. Sai dai ka sauke manhajar lokutan sallah da alƙibla, don alƙiblar tana canzawa duk sanda jirgi ya juya.

Na biyu, wa zai kwana a gado wa zai kwana a kujera? Kun raba kuɗi daidai amma ɗaya yana kan katifar gaske ɗaya yana kan kujera mai ƙarfe a tsakiya. Za ku ce a dinga canzawa, to dare bakwai ne ba ya rabuwa biyu, kuma wace mace ce za ta so hawa gadon da wasu ma'auratan suka tashi daga kai ko da an canza zanin gado. Ƙarshe mai kunya a cikinku shi zai ce a'a ku zauna kawai, ya yi sati yana ciwon baya bai faɗa ba.

Na uku kuma shi ne babba, biza. Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, in koren fasfo ne da ku takardar zaman Ingila ba za ta shigar da ku ba, sai kowannenku ya nemi bizar Shengen, Yuro 90 kowane babba tun watan Yunin 2024, ga inshorar lafiya da suke nema wadda ta kai Yuro 30,000. Kuma ko ka ce ba za ka sauka daga jirgi ba, ba za su bar ka ka hau ba in babu ita. To ka ɗauka ku an ba ku, su an hana ɗaya daga cikinsu ko ba ta fito a kan lokaci ba. In bukin ɗaya ne, wato rajistar kama ɗakin guda ce ku huɗu, guraben da suke faɗuwa na ragin nan ne na uku da na huɗu, cikakken farashin suwit na mutum biyu yana nan kan wuyan waɗanda suka rage. Wa zai biya? Shi zai ce ai bai je ba, kai za ka ce ai don shi ka kama babban ɗaki. Yawanci kusan wata uku kafin tafiya ake cika kuɗi, daga nan duk wanda ya fasa asarar ƙaruwa take har ta kai ba a mayar da komai. In bukin daban daban ne kowa asararsa tasa ce ba ruwan wani.

Sannan ka sani jirgi ba otal ba ne. A otal in zama ya yi tsami sai ka sauka ƙasa ka kama wani ɗakin. A jirgi lokacin hutun bazara yawanci a cike yake, in ka shiga ka shigu sai ranar sauka.

Mu nan Jidda a Disambar 2024 jirgin Aroya ya fara zaga Bahar Maliya, ba giya ba caca kuma akwai wurin sallah, in wata rana kun zo Umara sai ku duba. Amma ko a nan ɗin ni ban ga iyalai biyu suna haɗa ɗaki ba sai dai uwa da uba da 'ya'yansu.

Uwar Biyu

Ni fa ina ga kar a tsorata bawan Allah gaba ɗaya, suwit suna ne kawai, iri iri ne. Mu wanda muka shiga da yayan maigidana da matarsa ɗaki biyu ne kowanne da ƙofarsa ta gaske mai kulle da banɗakinsa, falo da baranda kawai muka haɗa, kuma wlh mun ji daɗi sosai, da yamma a kawo shayi mu zauna mu huɗu ana hira ana kallon ruwa, in mutum ya gaji ya shige ya rufe ƙofa. In zan fito falo in sa hijabi kamar dai yadda nake yi a gidan surukai, ba wani abu. Matsalar kawai irin wannan ba shi da araha ko kaɗan kuma ƙalilan ne a jirgi suna saurin ƙarewa, mu ma yayan ne ya ɗauki kaso mafi yawa.

Wanda ka kwatanta mai labule da banɗaki ɗaya kam an yi shi ne don mata da miji da yara, ba don gida biyu ba. Abin da zan ce ka tambaya shi ne ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, akwai su, a taswirar jirgin ana sa musu wata 'yar alama, ko kuma biyu a jere masu baranda, a wasu jiragen mai gyaran ɗaki yana iya buɗe allon da ya raba barandar ta zama ɗaya. Ka ga an samu zumuncin an kuma samu sirri. Ku zaɓi tsakiyar jirgi kuma ba can sama ba, nan ne tangaɗi ya fi sauƙi. Kuma kowa ya haɗa katin ɗakinsa da nasa katin banki, don duk abin da aka saya a jirgi da katin ɗaki ake biya har da kuɗin goron ma'aikata da wasu kamfanonin suke cira kullum a kan kowane mutum, kar ranar sauka a zo ana wa ya sha lemo wa ya yi wanki.

Abu Sumayya

Ɗan'uwa Allah ya saka da neman shawara. Ni ban taɓa shiga jirgin ba amma abin da zuciyarka take gaya maka ka kasa faɗa ina ga shi ne wannan. A Suratun Nur aya ta 58 hatta yaran gida da ba su balaga ba an ce su nemi izini a lokuta uku, kafin sallar asuba, da lokacin da ake tuɓe kaya da tsakar rana, da bayan isha'i. Yaranka na cikinka kenan. To ina ga namiji baligi wanda ba muharrami ba, yana bayan labule a dukkan lokutan nan uku har kwana bakwai. Kuma dole wata rana a samu kai ka fita ita matar abokinka ta fita, a bar shi da iyalinka a ɗaki ko kai da tasa, ba da niyyar kowa ba, mantuwar waya ce kawai za ta dawo da mutum. Ba zargin abokinka nake ba wallahi, ita shari'a ba ta jira sai an zargi wani kafin ta sa shamaki. Kai da kanka ka ce don ku samu lokaci ku biyu za a yi tafiyar.

Baban_Ummi

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Hajiya Maman Hanif na bi maganarki jiya da dare bayan yara sun kwanta na nuna mata hotunan. Da farko murna kamar me, tana ta wuce hoto tana tambaya wannan ruwan gaske ne haka, da na zo kan cewa mu huɗu ne a ɗakin sai ta yi shiru ta ajiye wayar a cinya, can ta ce duk yadda ka gani ai shi kenan. Na san wannan shi kenan ɗin, shekara tara muna tare. Da na matsa sai ta ce ita in haka ne gara a bar kuɗin a yi wani abu da shi, tunda ko a gida in baƙi suka kwana ba ta iya barcin kirki balle a ce ga su nan a gefe. Wlh jikina ya yi sanyi, saura kaɗan in biya kuɗi in kai ta inda za ta yi sati a takure tana min murmushi.

Na kira ejen da safe kamar yadda Dan Jidda ya ce, ɗaki mai taga guda biyu a jere a tsakiyar jirgi bambancinsa da rabon suwit ɗin bai kai fam 100 ba kowane gida, bukin daban daban. Masu ƙofa a tsakani sun ƙare. Maganar biza kuma ban ma kawo ta a raina ba sam, na ɗauka tunda daga Ingila za a tashi a Ingila za a sauka shi kenan, yau zan fara neman ranar zuwa ba da takardu.

Abin da ya rage yadda zan gaya ma mutumina. Shi ya ƙwallafa rai a kan suwit ɗin nan har ya tura ma 'yan gidansu hoto.

Maman Hanif

Alhamdulillah. Abu ɗaya dan Allah, kar ka ce masa madam ce ba ta so, in ka faɗi haka zai gaya ma matarsa, ita kuma za ta riƙe a rai cewa ƙyamarta ake, ku maza ku manta su kuma abin ya zauna tsakaninsu. Ka ce kai ne ka duba ka ga zancen biza da bukin ɗaya akwai haɗari kuma kai ba ka iya barci da mutane, duka gaskiya ne ai. Kuma ka ce masa shi ma ya tambayi tasa matar su biyu ba a gabanka ba, ina kyautata zaton ita ma shiru kawai ta yi masa. Ku sa a haɗa muku tebur ɗaya na cin abincin dare, ejen zai iya haɗa lambobin bukin ɗin biyu, kuma ku gaya musu zancen abincin halal tun yanzu ba sai kun shiga ba. Ta tafi da ƙaramar buta ta roba da maganin jiri, da rigar sanyi mai kauri ko da Yuni ne, saman jirgin nan da safe iska ce mai shiga ƙashi.